Ƙwaron Wake: Lissafin Mako Huɗu da Ke Cinye Buhu

A Mandera da ƙauyukan Bodinga da Shagari, manomi na ɗure wakensa a buhu a watan Nuwamba yana ganinsa lafiya lau. Kafin damina ta dawo, waken ya huhhuje, ya koma gari da ƙwari.

Mai wannan ɓarna bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Gajere ne, ruwan ƙasa mai dabbare-dabbaren baƙi, ba shi da dogon baki irin na ƙwaron masara da dawa. Alamarsa ta farko tana jikin waken: ɗan farin ɗigo manne da fatarsa, wato ƙwai. Tsutsa na ƙyanƙyashewa ta shige cikin ƙwayar, ta ci, ta girma a ɓoye. Ramin nan zagayayye da ake gani ƙofar fitar babban ƙwaro ce. Kafin a gan shi an riga an yi ɓarna. Sau da yawa tun daga gona ake shigo da shi.

Mace ɗaya na iya yin ƙwai har kusan 100, kuma a zafi irin na Sakkwato, mako uku zuwa huɗu ya ishi ƙwai ya zama ƙwaro mai haihuwa. Mu ƙaddara mata goma kacal ke rayuwa daga kowace uwa. Zubi na farko 10, na biyu 100, na uku 1,000, na biyar 100,000. Wata biyar ke nan. Shi ya sa buhun da ke da kyau a Janairu kan lalace a Afrilu.

Manoma da yawa na komawa ga guba, abin da ke damuna ƙwarai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya saboda ragowar sinadarin dichlorvos, wanda dokarsu ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo. Waken da aka ƙi can, irinsa ke shiga ƙosai da alale a nan.

Akwai mafita ba tare da guba ba: buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, leda biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa. In an busar da wake sosai, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin na shanye iskar ciki su daina ci da haihuwa. Amma huji ɗaya na ɓera ko ƙusa ya isa ya dawo da lissafin can sabo, don haka a duba leda kafin a zuba.