Me Ya Sa Ƙanƙara Ke Narkewa a Tafin Hannu, Azurfa Kuma Sai da Zugazugi?

'Yan makaranta na Kankiya da Kusada, mun san yadda manja ke daskarewa a cikin kwalba da sanyin hunturu, sai an ajiye shi a rana kafin ya zubu. Mun kuma san maƙerin fari ba ya narka azurfa sai ya hura gawayi da zugazugi har ya yi jawur. Doka ɗaya ce ke aiki a duka biyun.

Kowane abu zalla yana da matakin zafin da yake narkewa, kuma a wannan matakin ne yake daskarewa idan zafi na sauka. Ƙanƙara na narkewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, ruwa ma a nan yake daskarewa. Kuza na narkewa a 232, dalma 327, sanholo 660, azurfa 962, zinariya 1,064, jan ƙarfe 1,085, baƙin ƙarfe kuwa sai 1,538. Zaiba ita ce ta fita zakka: ba ta daskarewa sai sanyi ya kai digiri 39 ƙasa da sifiri, shi ya sa kullum muke ganinta ruwa-ruwa.

Bambancin yana cikin ƙwayoyin zarra. A daskararren abu suna riƙe da juna a jere. Zafi ne ke girgiza su har riƙon ya saki, kuma iya ƙarfin riƙo iya wutar da ake bukata. Daga nan za mu gane rabon aikin maƙera. Wutar gawayi ta isa ta narka azurfa, don haka maƙerin fari yake zuba ta ya fitar da zobe ko munduwa. Ƙarfen fartanya kuwa laushi kawai yake yi a wannan wutar, sai maƙerin baƙi ya bi shi da duka. A da, kuɗin azurfa na Maria Theresa, masu ɗauke da shekarar 1780, sun shigo ƙasar Hausa ta hanyar fatauci, an kuma riƙa narka su ana yin kayan ado.

Ga abin da ya kamata mu riƙe saboda jarrabawar WAEC da NECO: yayin da abu zalla ke narkewa, ma'aunin zafi ba ya motsi sai ya gama narkewa, domin zafin yana tafiya ne wajen kwance riƙon. Gauraye kuma yakan sauke matakin. Azurfar da aka buga wa lamba 925 tana da kashi 7.5 cikin ɗari na wani ƙarfe, galibi jan ƙarfe, kuma takan narke wajen digiri 890. Ita kuwa zallar ba ta saɓa alkawari, har masana suka ɗauki matakin daskarewarta, 961.78, cikin ma'aunin zafi na duniya na 1990, suna gwada na'urorinsu da shi.

Sai gargaɗi. Da yake dalma na narkewa da ƙaramar wuta, wasu yara kan fasa tsohon batirin mota su narka ta don wasa ko sayarwa. Dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwa. A 2010, ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Kada mu taɓa wannan wasa, mu kuma hana ƙannenmu.

Mai son gwaji ya ɗauki kofi biyu na ƙanƙara, ya barbaɗa gishiri a ɗaya, ya duba wanne zai riga narkewa, sannan ya kai wa malamin kimiyya sakamakon.