Ciyawar Carey: ɗan gashi ne ya raba ta da ciyawar gona

A arewa maso gabashin jahar Ilinoi ta ƙasar Amurka, kudu da birnin Shikago, akwai wani yankin rairayi da ake kira da sunan gulbin Kankaki. A nan ne, daga watan Yuli zuwa Satumba, masana tsirrai ke shiga sauran fadamun da suka rage, suna duƙawa gindin wata ciyawa da gilashin ƙara girman abu a hannu. Manomin da ya gan su zai yi mamaki, domin a idonsa wannan ita ce ciyawar da yake kashe kuɗi kowace shekara don ya kawar da ita daga gonar masara da waken soya. Sau da yawa kuwa gaskiyarsa ne. Amma jefi-jefi sai a tarar wata ce dabam, wadda jahar ta sa cikin jerin tsirran da ke gab da ɓacewa daga ƙasarta.

Sunanta a wajen masana Persicaria careyi. Stephen Olney ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1847, ya raɗa mata sunan John Carey, wani Baturen Ingila masanin tsirrai da ya zauna a Amurka. Ya sa ta cikin dangin Polygonum, kalmar Girkanci mai nufin "gwiwoyi da yawa", saboda kumburin da ke kowace gaɓar karan. Daga baya, a 1904, aka mai da ita dangin Persicaria. Faransawa na ce wa irin waɗannan ciyayi renouée, su ma saboda ƙullin gaɓar. Sunan kasuwa dai ba abin dogaro ba ne a wannan fage: abin da ake kira oseille a Faransa ɗan gidan wannan ciyawa ne, alhali yakuwar da ake ba wa wannan suna a Maraɗi ko Damagaram ba su haɗa komi ba. Ƴar'uwarta ta gaske a Afirka ita ce Persicaria senegalensis, mai fita a bakin gulabe da tabkuna.

Kafin zuwan Turawa, kusan hekta miliyon 9 na Ilinoi shimfiɗaɗɗen dajin ciyawa ne marar itatuwa, wanda ake kira prairie, wani sashensa kuma ruwa kan kwanta a cikinsa bayan sanyi. A 1837 maƙeri John Deere ya ƙera garmar ƙarfe mai iya keta saiwar wannan ciyawa, a cikin jahar kanta. Bayan garma sai bututun yumɓu da ake binnewa don tsotse ruwan fadama. Da aka yi ƙidayar wuraren da ba a taɓa ba a 1978, abin da aka samu mai kyau bai kai hekta 1.000 ba. Babbar fadamar Kankaki, wadda ta kai wajen hekta 200.000, galibinta a jahar Indiyana mai maƙwabtaka, an zuƙe ta kafin wajejen 1920, bayan an miƙar da gulbin da ke lanƙwashe-lanƙwashe na kusan kilomita 400 ya koma magudanar da ba ta kai 150 ba. Ciyawar Carey, mai son rairayi mai laima da baƙar ƙasar fadama, sai ta rage a ƴan tsirarun wurare. Ba ta ƙare a duniya ba, ana samunta daga arewa maso gabashin Amurka da kudancin Kanada har jahar Minesota, sai dai a wurare da dama kaɗan-kaɗan ce.

Daga nesa duk ɗaya suke. Ciyawa ce ta shekara guda, mai iya kai mita ɗaya da rabi, da dogon ganye mai tsini, da ƙananan furanni ja-ja da ke jeruwa a zangarniya. Bambancin yana wurin da ba kowa ke dubawa ba. A kowace gaɓa, inda ganye ya haɗu da kara, akwai wani siririn kube da ke naɗe da karan kamar safa. Masana na kiransa ocrea, sunan sulken ƙwauri na sojan Rum. A jikin ciyawar Carey wannan kube yana da gashi, bakinsa kuma yana da geza mai tauri ta ƴan milimita. Karan kansa cike yake da gashi iri biyu: dogo wanda ya miƙe, da gajere mai ɗan ƙwallo a baki kamar kan allura. Zangarniyar siririya ce, tana sunkuyar da kai. Ƙwayar irin baƙa-baƙa ce mai sheƙi, wajen milimita 2, mai tudu ta fuska biyu.

Wahalar ita ce kowace alama, in an ɗauke ta ita kaɗai, akwai wata ciyawar da ke da ita. Persicaria pensylvanica, wadda manoma ke yi wa feshi, tana da gashin nan mai ƙwallo a wuyan zangarniya, amma bakin kubenta ba geza, zangarniyarta kuma kakkaura ce a tsaye. Persicaria lapathifolia tana sunkuyar da kai sak irin ta Carey, sai dai ita ma kubenta fayau yake. Persicaria maculosa, baƙuwa daga Turai, tana da gajeriyar geza, amma karanta sumul, ganyenta kuma sau da yawa yana ɗauke da baƙin tabo kamar an dangwala yatsa. Akwai kuma wata baƙuwar daga gabashin Asiya, Persicaria bungeana, da ta shiga gonakin yankin; ita ce ta fi rikitarwa, domin tana da geza da gashi mai ƙwallo, amma wanda ya shafa karanta zai ji ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa ƙasa. Sai alamu sun haɗu, geza da gashi iri biyu da sunkuyayyar zangarniya, ba ƙaya, sannan ake rubuta sunan Carey. Shi ya sa hoton fure kaɗai, komi kyansa, ba ya zama shaida. Wanda ya san aikin gaɓa yake ɗauka, in an ba shi izini kuma ya danne reshe ɗaya tsakanin takardu, ya busar, ya kai ma'ajiyar busassun tsirrai don a gwada da na dā.

Kuskure a nan yana da farashi ta kowace fuska. Dokar Ilinoi ta kare halittu masu ɓacewa, wadda aka kafa a 1972, tana tilasta wa ma'aikatun jaha da na ƙananan hukumomi su tuntuɓi ma'aikatar albarkatun ƙasa kafin su ba da izini ko kuɗin wani aiki da zai iya shafar abin da ke cikin jerin. In aka ɗauki ciyawar gona a matsayin ta Carey, an tsai da aikin hanya ko magudana ba dalili, an kuma zubar da mutuncin masu binciken a idon manoma. In aka ɗauki ta Carey a matsayin ciyawar gona, sai injin yanka ko maganin feshi ya bi ta kanta kafin ta zubar da iri. Ga tsiron da ba ya barin saiwa mai rai, irin shekara shi ne dukan jarinsa. A gonar mutum kuwa doka ba ta da dogon hannu: tsiro na mai ƙasa ne, sauran mutane ne kawai aka hana su cire shi ba da yardarsa ba.

Akwai wani halin nata da ke ƙara dagula lissafi. An sha ganin ta fito da yawa a wurin da wuta ta ci ko aka tone ƙasa, sannan ta ja baya yayin da manyan ciyayi da ƙananan itatuwa suka rufe wurin, irin yana kwance yana jiran wata buɗewar. A dā gobarar daji, wadda mazauna ƙasar na asali ke kunnawa da gangan, ita ke yin wannan aiki. Yanzu masu kula da gandayen Kankaki ne ke sa wuta da ƙa'ida, a farkon shekara ko ƙarshenta. Mai binciken da ya zagaya wata fadama shekara biyar bayan wuta, bai ga komi ba, ba zai iya rantsuwa cewa ciyawar ta ƙare a nan ba. Sai ya rubuta ranar da aka ƙone wurin, ya sake dawowa a watan Agusta mai bin ta.