Rigakafin Farfaɗiya Bayan Jini Ya Zuba a Kewayen Ƙwaƙwalwa



Allah cikin hikimarsa ya lulluɓe ƙwaƙwalwar ɗan Adam da tantani hawa uku, kuma idan wata jijiyar jini ta yi rauni ta yi ƙululu, kamar yadda robar cikin tayar keke kan bulluƙo inda ta yi laushi, har ta kai ga fashewa, jinin kan malala a ƙarƙashin tantani na tsakiya, sai mutum ya ji ciwon kai farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Abin da likitoci suka daɗe suna tsoro shi ne farfaɗiya ta kama majinyaci kafin a toshe jijiyar, jini ya hau, ta sake fashewa, alhali fashewa ta biyu ita ta fi kisa. Saboda haka suka riƙa ba kusan kowa maganin rigakafi mai suna fenitoyin.

Ku ji tarihin wannan magani, don yana da ban mamaki. Wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai, Heinrich Biltz, shi ya fara haɗa shi a 1908, sannan ya yi shekara talatin a ajiye ba wanda ya san fa'idarsa. Shekara talatin, jama'a! Sai da wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Tracy Putnam da Houston Merritt, suka riƙa sa wa kyanwoyi lantarki a ka gwargwadon abin da zai tayar musu da jijjiga, su ba su magani, su sake aunawa, har suka iske cewa wannan sinadari yana hana jijjigar ba tare da ya sa dabbar barci ba, ga shi kuwa magungunan zamanin duk sai sun kasalar da majinyaci. A 1938 suka bayyana nasararsa a kan mutane, ya sami martabar da ta sa aka daɗe ana bin sa taƙlidi, ba mai neman hujja.

Hujjar da ta zo kuwa ba ta yi masa daɗi ba. A 2005 Andrew Naidech da abokan aikinsa na Jami'ar Kolumbiya suka bi diddigin majinyata 527 masu irin wannan zubar jini, suka ga cewa gwargwadon yawan fenitoyin da ya shiga jikin mutum, gwargwadon raunin da ake samu a tunaninsa bayan wata uku. A 2007 wani nazarin na majinyata 3,552 daga ƙasashe 21 ya nuna waɗanda aka ba rigakafin sun fi fama da zazzaɓi, da tsukewar jijiyoyi, da mutuwar wani sashe na ƙwaƙwalwa. Mai hankali zai ce wataƙila waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su aka fi ba maganin tun farko, kuma tambaya ce mai ƙarfi, sai dai masu binciken sun yi lissafi da tsananin ciwon, illar ba ta gushe ba.

Ga wani dalili da hankali zai kama. Tsukewar jijiyoyi kan zo tsakanin kwana na 4 da na 14 bayan zubar jinin, kuma maganin da aka tabbatar yana rage sharrinta, nimodifin, ana shan sa kwana 21. Fenitoyin kuwa yana zaburar da hanta ta narkar da nimodifin da wuri, sai ya zamana wannan magani yana cinye amfanin wancan.

Lokaci na hararar mu, sai mu taƙaita. Ƙa'idojin likitocin zuciya da shanyewar jiki na Amurka na 2023 sun ce fenitoyin cutarwa yake yi a wannan hali, a keɓe rigakafin ga masu haɗari babba, kuma yawancin asibitoci yanzu wani magani mai suna lebetirasitam suke bayarwa na 'yan kwanaki. Wanda ke da farfaɗiya tun asali hukuncinsa daban ne, kada ya bar maganinsa sai da izinin likita. Wanda kuma ciwon kai irin wannan ya faɗo wa, a garzaya da shi asibiti nan take. Allah ya ƙara mana lafiya.