Zaɓen Tsohuwar Kyamarar Fim: Sayen Nagari Mai Da Kuɗi Gida

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. A 'yan shekarun nan matasa a ƙasashe da dama sun koma ɗaukar hoto da fim, alhali manyan kamfanoni sun daɗe da juya wa wannan hanya baya. Kamfanin Canon ya daina sayar da EOS-1V a shekarar 2018, Nikon kuma ya tsayar da F6 a 2020. Saboda haka duk mai neman kyamara irin wadda ake kira SLR, to kasuwar gwanjo ce makomarsa. A nan ne ma'aikaci mai ƙaramin albashi ko ɗalibi zai iya zubar da kuɗinsa a kan ƙarfen da ya riga ya mutu, muddin ya bi suna ya bar lafiyar kaya.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda take aiki. A cikinta akwai madubi wanda yake karɓar hasken da ya shigo ta idon kyamara, ya tura shi sama zuwa tagar leƙe. Abin da mutum ya gani ke nan shi fim zai ɗauka. Da zarar an danna, sai madubin ya ɗaga, labule ya buɗe na ɗan ƙiftawa, haske ya faɗa kan fim. Fa'ida ta biyu ita ce ana iya cire ido a sa wani.

Abu na farko da mai saye zai tambaya shi ne: da batir labulen yake aiki ko da sifirin? Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997, da Nikon FM ta 1977, da Olympus OM-1, da Minolta SR-T 101 ta 1966, duk sifirin da ƙafafun ƙarfe ke tafiyar da su. Batir ɗinsu na ma'aunin haske ne kawai, ko ya mutu za a ci gaba da aiki. Amma Canon AE-1 ta 1976, duk da shahararta, ba ta motsi sai da batir mai ƙarfin bolt 6, kuma idan kayan lantarkinta suka lalace samun mai gyara aiki ne. Ga wanda yake nesa da masu gyara, mai sifirin ta fi kwanciyar hankali. Sai dai a lura, OM-1 da SR-T 101 an yi su ne don batir mai zaiba, wanda aka daina yinsa, kuma na yanzu yakan sa ma'auninsu ya yi kuskure in ba a daidaita shi ba.

Abu na biyu shi ne suna. Da yake makarantu sun daɗe suna koyar da ɗalibai da K1000, farashinta ya haura abin da ya dace da ita. Ricoh KR-5 tana karɓar irin idanun da K1000 ke karɓa, aikinsu kusan ɗaya, ga ta kuma yawanci da rahusa. Yashica FX-3 ta 1979 ma yawanci da rahusa take, sai dai ba ta karɓar idanun K1000. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya duba Praktica ta tsohuwar Jamus ta Gabas, ko Zenit-E ta Tarayyar Sobiyat, ko da yake ita wannan nauyi gare ta, tagarta kuma da duhu. Kyamara dai akwati ce mai tsare haske. Kyan hoto daga ido da fim yake fitowa.

Wannan ya kawo mu ga maganar ido. Kowane kamfani da irin bakinsa, kuma idon wannan ba ya hawa kan wancan. Nikon ya fito da bakin F a 1959, Pentax ya fito da bakin K a 1975. Canon ya bar bakin FD ya koma EF a 1987, don haka idon EOS ba zai shiga AE-1 ba. Akwai kuma baki mai murɗi kamar noti, wanda ake kira M42, na Pentax Spotmatic da Zenit da yawancin Praktica, kuma idanunsa suna da yawa da araha. Ko a gida ɗaya ma sai an yi hattara, domin wasu idanun Nikon na kafin 1977 ba sa hawa kan FM2, tilasta su kuwa ɓarna ce.

Mai koyo ya fara da ido mai milimita 50, wanda ƙofarsa ke buɗewa zuwa 1.8 ko 2. Shi aka saba sayarwa tare da kyamarorin, shi ya sa ya yawaita. Yana da kaifi, yana kuma aiki a wuri mai ƙarancin haske. Tsofaffin idanu masu jawo nesa kusa, musamman na araha, ba su kai shi fitar da hoto ba.

To, kada a yi cinikin biri a sama. A buɗe bayan kyamara, a ɗaga ta wajen haske, a danna a kowane sauri tun daga daƙiƙa 1 har zuwa 1/1000, a ga ko labulen yana tafiya ba tare da sarƙewa ba. A duba ɗakin batir ko ya yi tsatsa. A taɓa soson da ke gefen murfin baya. Idan ya narke yana manne hannu, haske zai riƙa satar shiga, amma canza shi ba wuya. A haska ido da tocila. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, a bar shi. A murɗa zoben ƙofa a ga ganyayenta suna rufewa da sauri, babu maiƙo a jikinsu.

Ko ma'aunin haske ya mutu ba a fasa ciniki, sai dai a nemi ragi. A rana tsaka, da fim mai lamba 100, a sa ƙofa a 16, sauri a 1/125, hoto zai fito.

Daga ƙarshe, kada kuɗi su ƙare a kan kyamara. Naɗin fim ɗaya hoto 24 ko 36 ne, kowanne kuma sai an biya wanki. Tun kafin saye a tabbatar da inda za a samu fim da inda za a wanke shi. A ƙasarmu kuwa ƙurar hunturu da laimar damina su ne abokan gaba: a riƙa rufe ido, a ajiye kyamara a busasshen wuri mai iska, a kuma cire batir idan za ta daɗe a ajiye. Wanda ya kiyaye waɗannan, kyamarar da ta girme shi za ta yi masa aiki shekara da shekaru.