Mai Dogon Rubutu, Ka Nuna Wa Mai Karatu Hanya

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wayoyinmu, kuma ta ishe ni. Sakataren ƙungiyar manoma ko ma'aikacin wani furoje zai saki bayani a kan ajiyar wake ko feshin aya, mai tsawon da sai babban yatsa ya gaji da turawa, babu kan magana, babu lamba, babu inda ido zai huta. Manomi a Gazawa ko Agye abu guda yake nema: murfi nawa na magani ake zubawa a tankin feshi? Amsar tana nan, amma an binne ta tsakanin godiya ga manyan baƙi da tarihin kafa ƙungiya. Ya tura, ya tura, rezo ya ɗauke, batir ya yi ja, sai ya rufe waya ya auna da ka. In ganye ya ƙone, a ce manomi ba ya bin ƙa'ida. Wace ƙa'ida? Wadda aka ɓoye masa?

Gyaran ba wani abu ba ne illa kanun magana, da jerin abin da ke ciki a sama, da mahaɗin da za a taɓa ya kai mutum inda yake so. Amma da ka faɗi haka sai wani ya taso da hujjar da na fi jin haushi: wai yanka rubutu gunduwa-gunduwa al'adar boko ce, tana koya wa mutane lalaci, mai son ilimi ya karanta daga farko har ƙarshe.

Mai wannan magana ya je ya roƙi wani alaramma a Gidan Rumji ko Tasawa ya buɗe masa gafaka. Alƙur'anin hannu na ƙasar Hausa da Barno warƙoƙi ne waɗanda ba a ɗinke ba, kuma bisa asali ba a sa musu lambar shafi. Duk da haka ba sa rikicewa, domin a ƙasan bayan kowace warƙa marubuci yakan sa kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Ko iska ta watsa su, mai ilimi zai jera su daidai. Sunan sura da jan tawada yake, don ido ya gane shi tun daga nesa. Ƙarshen aya yana da alamarsa, bayan aya biyar ga kumsa, bayan goma ga kuri. A gefen shafi kuwa ga babbar zayyana mai nuna farkon izu, ga alamar sumuni da rubu'i da nusufi, ga ta wurin sujada. Izu 60, kowane da sumuni 8, wato matsaya 480 ke nan. Shi ya sa in ka tambayi almajiri inda ya kai, ba ya cewa "na yi nisa". Zai ce yana Sabbi, ko Amma, ko Tabara, kuma kowa ya san wurin. Waɗannan mutane haddace littafin suke yi, amma ba su ga cewa sa masa alamun hanya ya rage masa daraja ba.

Haka littattafan fiƙihu. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, babi-babi take. Ahalari da Ishmawi da Iziyya duk suna da babi ko fasali. Wanda ya yi rafkanwa a salla ya zo da tambaya a kan ƙabli da ba'adi, malam ba ya fara masa daga babin tsarki. Wurin yake buɗewa kai tsaye. To, wane ne ya koya wa wani? Sai a 1989 Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, kuma cikin abubuwan farko da aka tanada har da kanun magana hawa shida da mahaɗin tsallakawa daga wuri zuwa wuri. Malamanmu sun riga shi da ɗaruruwan shekaru, da alƙalamin kara.

Batun lalaci kuma, an haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Akwai karatun neman sani, wanda ake zama a bi shi daki-daki. Akwai kuma dubawa, wadda mai buƙata ke yi yana tsaye a bakin gona ko gaban rumbu. A 1997 Jakob Nielsen ya gwada yadda mutane ke karanta shafukan intanet, ya tarar kashi 79 cikin ɗari bin shafi suke da ido suna tsintar abin da suke so, kashi 16 ne kawai ke bi kalma bayan kalma. A kan kwamfuta mai faɗin fuska ke nan, balle wayar da tafin hannu ke rufewa. Kada a manta da makafi: manhajar da ke karanta musu rubutu da murya tana tsallakawa ne daga kan magana zuwa kan magana. In babu, dole su saurari komai. Wannan zalunci ne, ko da ba a yi niyya ba.

Gaskiya ne raunin rezo da tsadar data da yawan rubutu da Faransanci suna da nasu laifin. Amma abin da ke hannun marubuci ya fi sauƙin gyara.

Ka fara da amsa. Awon magani, ranar taro, kuɗin da za a biya, su zo a layukan farko. Gaisuwa da tarihi su biyo baya. Ka sa wa kowane sashe kan da ke faɗin abin da ke ƙarƙashinsa. "Bayani na biyu" ba kai ba ne. "Yadda ake ɗaure buhun PICS" shi ne kai, domin mai neman sanin cewa ledoji biyu na ciki da buhun waje kowane daban ake ɗaure shi zai gane nan ne wurinsa. In sassa sun haura uku, ka jera su a sama. Mai shafin intanet ya sa kowane layi na jerin ya zama abin taɓawa, ya kuma sa hanyar komawa sama a ƙarshen kowane sashe. Ka buɗe Wikipedia ta Hausa a waya ka ga yadda sassa suke a naɗe sai wanda ka taɓa. Wannan abin koyi ne.

Mai rubutu a Word kada ya tsaya ga kumbura harafi da hannu. Ya yi amfani da tsarin kanun da ke cikin manhajar, ita da kanta za ta fitar da jerin abin da ke ciki. A WhatsApp, tauraro a farko da ƙarshen kalma yana kaurara ta, ka ga ka sami kan magana. Matakan aiki a sa musu lamba, 1, 2, 3. Gargaɗin guba ya tsaya shi kaɗai, kada a cusa shi a tsakiyar sakin layi. Mai saƙon murya ma ya raba: magana ɗaya, saƙo ɗaya, kuma ya faɗi abin da zai yi magana a kai tun a numfashin farko.

Kafin ka tura, ka miƙa wa wani wayar ka ce ya nemo maka abu guda a ciki. In ya yi ta lalube, laifinka ne, koma ka gyara. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, in sakatare ya kawo dunƙulen rubutu irin wannan, kada ku yaba masa da cewa ya sha karatu. Ku mayar masa, ku ce ya sa babi da fasali tukuna.