Gigin Tsufa ko Illar Magani? Bayani a kan Ɗimuwar Tsofaffi Masu Ciwon Mantuwa

Gabatarwa

Idan tsoho ya fara sambatu, ko ya kasa gane iyalinsa, Bahaushe kan ce gigin tsufa ne. Kalmar ta haɗe yanayi biyu da likitoci suka bambanta: ciwon mantuwa, wanda ke shiga sannu a hankali cikin watanni da shekaru, da kuma ɗimuwa ta farat ɗaya, wadda ke aukuwa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Wannan maƙala ta dubi rawar da magunguna ke takawa wajen haddasa ta biyun, wadda sau da yawa takan warke idan an gano musabbabinta.

Yadda Magani ke Jawo Ɗimuwa

Ƙwaƙwalwa na dogara da wani sinadari mai suna asetilkolin wajen riƙe abu da tattara hankali. A cutar da Alois Alzheimer ya bayyana a Jamus a 1906, sinadarin kan yi ƙaranci. Magunguna irin su Piriton da Phenergan, waɗanda ake sha don mura ko ƙaiƙayi ko neman barci, suna toshe aikin ɗan abin da ya rage, sai mara lafiya ya ƙara rikicewa.

Haka kuma, hanta da ƙoda sukan rage kuzari da tsufa, don haka magani kan daɗe a jiki. Valium, alal misali, yakan ɗauki kimanin sa'o'i 20 kafin rabinsa ya bar jikin matashi, amma a jikin ɗan shekara 80 yana iya kai sa'o'i 80. Idan ana sha kullum, sai ya taru. Tiramol da kodin ma suna jawo irin wannan ruɗewa. Tun 1991 likitan Amurka Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi hattara da su ga tsofaffi, kuma har yau ana sabunta shi.

Alamomin Bambancewa

Babbar alama ita ce lokaci. Ɗimuwar magani takan biyo bayan fara sabon magani ko ƙara adadinsa. Takan yi sauƙi da rana ta tsananta da dare, tare da gyangyaɗi, ko rashin natsuwa, ko ganin abin da babu shi. Wannan na ƙarshe ne ke sa wasu iyalai su danganta lamarin ga iskoki.

Kammalawa

Kiran kowace ruɗewa gigin tsufa yana sa a sallama wa abin da ke da magani. Abin da ya dace shi ne a tattara duk abin da tsoho ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a kai wa likita ya duba. Kada a yanke Valium kwatsam ba da shawararsa ba, domin hakan na iya jawo farfaɗiya. Ga manazarta harshe kuwa, akwai buƙatar samar da kalmomi biyu mabambanta da iyalai za su riƙa bayyana wa likita abin da suka gani.