Hoto 36 Kacal: Zagayen Daura Da Tsohuwar Kyamarar Kawu

A hutun ƙarshen zangon karatu na bara, ina taya Hajiya, kakata ta wajen uwa, fitar da kaya daga wani ɗaki da ruwa ya fara ci, sai muka ci karo da gwangwanin alewa da ya yi tsatsa. Da na buɗe ban tarar da alewa ba. Wasu 'yan dogayen ledoji ne masu kauri, baƙi-baƙi, da huda a jere a gefunansu biyu. Kusa da gwangwanin kuma ga kyamara ƙirar Yashica a cikin jakarta ta fata.

"Na kawunka ne," in ji Hajiya. "Ɗaga su wajen haske, maigida, ka sha kallo."

Na ɗaga ɗaya wajen taga. Sai ga dawaki da mahaya ƙanana kamar tururuwa, amma komai a juye: fararen rawuna sun koma baƙaƙe, fuskoki kuma sun yi fari fat. Hawan Sallah ne a ƙofar fada, zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarautar Daura daga 1966 zuwa 2007. A wata ledar kuma ga tsohon zauren gidanmu na ƙasa, wanda aka rushe aka yi na bulo tun ban yi wayo ba. Wannan shi ne abin da masu hoto ke kira nagatif.

Abin ya tsaya mini a rai, domin shekara biyu kafin nan mun rasa duk hotunan walimar saukar ƙanwata. A wayar yayarmu suke, wayar ta faɗa ruwa, shi ke nan. Ledar da ta haura shekara 30 a gwangwani tana nan lafiya lau, hoton jiya-jiya kuwa ya bi ruwa. Nan na ƙudurta zan koyi wannan aiki, in kuma ɗauki Daura yadda take a yau kafin ta sake fuska.

Me ke faruwa a cikin fim?

Fim leda ce da aka shafa wa wani abu mai kama da danƙo, a cikinsa akwai ƙwayoyin gishirin azurfa ƙanana ƙwarai. Idan ka danna kyamara, ƙofarta takan buɗe na ɗan ƙiftawar ido, haske ya shiga ya sauka a kan fim. Ƙwayoyin da haske ya taɓa sukan canza, amma ido ba ya ganin canjin sai an wanke fim ɗin da sinadari. A wurin wanki, inda haske ya fi sauka shi ke yin baƙi. Dalilin da ya sa farin rawani ke fitowa baƙi ke nan.

George Eastman na Amurka ne ya fito da kyamarar Kodak mai fim na naɗi a 1888. Abin mamaki, wani injiniyan kamfanin, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma ita ce daga baya ta durƙusar da kasuwar fim. Duk da haka har gobe ana yin fim, Kodak a Amurka, Ilford a Ingila. A nan gida Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan 1,000. Wasu daga cikin salon kitson nan, yau a hotunansa kawai za ka gan su.

Fita gari da hoto 36

Fim mai faɗin milimita 35 hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Ba gogewa, ba leƙawa ka ga ko ya yi kyau. Ga tsada, don sai da na yi saƙo daga Kano. Saboda haka na zauna da littafi na rubuta wuraren da zan je tun kafin in fita.

Na fara da Rijiyar Kusugu, inda labarin baka ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Daga nan na wuce ƙofar fada, na bi lungunan cikin gari ina neman sauran gine-ginen ƙasa masu zanko. Wata rana na hau mota zuwa kasuwar Mai'aduwa, wata rana kuma na bi hanyar Zango ina tsayawa a kwalbatoci da ƙananan gadoji. Na je wajen dam ɗin Sabke inda masu noman rani ke jan ruwa ta magudanai zuwa gonakinsu. Na kuma nufi inda ake aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma ya ratsa ta Daura. Inda dogo ya bi, gona kan koma tasha, turba kan koma gada. Wanda bai ɗauki wurin yanzu ba, gobe sai dai ya ba da labari da baki.

Batirin ma'aunin haske na kyamarar ya mutu tuntuni, sai kawu ya koya mini wata tsohuwar ƙa'ida. Idan rana ta take sosai, ka sa buɗewar idon kyamara a lamba 16, saurin ƙiftawa kuma a lambar da ta fi kusa da lambar fim ɗinka. Idan fim mai lamba 100 ne, ka sa 125. Idan hazo ya rufe rana ko ka shiga inuwa, sai ka ƙara buɗe idon zuwa 11 ko 8. Ya kuma ce in guji tsakar rana. Hantsi da bayan La'asar ne inuwa ke kwantawa gefe, zanen bango da gindin gada su fito raɗau.

Akwai ladabi a wannan aiki. Ban taɓa ɗaga kyamara ga mutum ba sai na yi sallama na nemi izini, musamman dattawa da mata. Wani dattijo mai ban-ruwa ya ce, "A'a yaro, ɗauki albasar dai, ni ka bar ni." Na ce, "To Baba, na gode," na ɗauki albasar da ruwan da ke bi ta tsakaninta. Kada ka kuskura ka ɗauki shingen jami'an tsaro, ko bariki, ko bakin iyaka irin Kongolam. Gada da wurin aikin gwamnati ma, ka tambayi masu gadi ko mai unguwa tukuna, ka kuma riƙe katin makarantarka.

Wanki a ɗakin Hajiya

Na nemi mai wankin fim a gari, duk wanda na tambaya sai ya ce ai sun koma kwamfuta tun da daɗewa. Dole na koya da kaina. Na zaɓi fim baƙi da fari, don ya fi mai kala sauƙin wankewa a gida.

Matakin farko shi ne mafi wuya: fito da fim daga kwansonsa, ka naɗe shi a kan wata 'yar ƙwarya mai lauje-lauje, ka sa a tankin wanki, ka rufe. Duk wannan a cikin duhu ɗulum ake yi, da lalube. Na jira dare, na toshe taga da bargo biyu, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, na kashe waya. Da zarar an rufe tanki, ana iya kunna fitila, don haske ba ya shiga cikinsa.

Sai a zuba ruwan sinadari na farko, mai fito da hoto. Yakan ɗauki kamar minti 7 zuwa 12 gwargwadon irin fim, ana juya tankin a hankali na daƙiƙa 10 a kowane minti. A zubar, a ɗauraye da ruwa don a tsayar da aikinsa. Sai na biyu, mai kafe hoto, na kamar minti 5. Shi ke wanke sauran gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da baƙi. Daga nan a ɗauraye sosai, a rataye da maƙalin shanya.

Ga inda Daura ta gwada ni. Takardar sinadarin ta ce ruwa ya kasance a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas. A watan Afrilu ruwan bokitinmu ya haura 30. Ruwa mai ɗumi yana hanzarta aikin sinadari, hoto ya yi duhu fiye da kima. Ban sani ba, naɗin farko ya fito baƙi ƙirin, hoto 36 da kuɗin mota duk suka tafi a banza. Hajiya ta yi ta dariya, ta ce gaggawa aikin Shaiɗan. A karo na biyu na ɗebi ruwan randa, na tsoma kwalaben sinadarin a roba mai ƙanƙara, ina duba ma'aunin zafi har ya sauko 20. Matsala ta biyu ƙura ce, don tana mannewa a jikin fim mai danshi. Na yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, na rufe ƙofa na awa 3.

A kiyaye: waɗannan sinadarai ba abin wasa ba ne. A sa safar hannu, a rubuta suna a kowace kwalba, a ajiye nesa da ƙananan yara da kayan abinci. Ruwan kafe hoto da aka gama amfani da shi yana ɗauke da azurfa, kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke shan ruwa. Idan za ku gwada, ku nemi malamin kimiyya ya tsaya a kanku.

Abin da ya fito

A naɗi na biyu hoto 22 ne suka yi kyau. Don in gan su daidai, na ɗora nagatif a kan farin allon kwamfuta, na ɗauka da waya, na juya launinsa. Cikin su akwai wani soro mai zanen dagi a wani lungu. Da na koma gida bayan damina, na tarar gefensa ya zube, masu gidan sun fara jera bulo. Na buga hoton na kai musu. Maigidan ya daɗe yana kallo, sannan ya kira 'ya'yansa ya ce su zo su ga inda aka ɗaura auren kakansu.

Ƙannena, ba cewa nake ku jefar da waya ba, ko ku taɓa kuɗin makaranta ku sayi fim. Ku fara da tambayar iyaye da kakanni ko akwai tsofaffin nagatif a akwati ko a ƙasan gado. In kun samu, ku riƙe su ta gefe, ku sa a ambulan, ku ajiye inda ba zafi ba danshi. In akwai tsohuwar kyamara a gida, ku haɗu ku huɗu ku sayi fim ɗaya, kowa ya samu hoto 9. In ma waya ce kawai a hannunku, ku ɗauki ƙa'idar fim: ku zaɓi wurare 36 a garinku, ko Baure ne ko Sandamu, kowanne hoto ɗaya tak. Ku buga waɗanda suka fi kyau a takarda, ku rubuta sunan wurin da kwanan wata a baya.

Nawa nagatif ɗin yanzu suna cikin gwangwanin alewar nan, kusa da na kawu. Hajiya ta ce a bar shi a ɗakinta.